Baba Kalmasa da Hancin Janareto

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Kalmasa ya yi yana gyaran kayan mutane, kuma da wuya ka samu wanda zai ce ya taɓa ganin ya yanke ƙafar wando. Shi ba telan sabon ɗinki ba ne, nasa gyara ne: wandon da ya yi tsawo, rigar da ta matse, kwat ɗin da mai ita ya rame ya bar ta tana reto a kafaɗa. Ka ce a rage maka tsawon wando, sai ya auna ka da tef, ya ƙara auna ka da ido, ya naɗe abin da ya yi yawa zuwa ciki, ya kalmashe, ya danne da dutsen guga har ka rantse haka wandon ya zo. In ka ce ya yanke kawai kowa ya huta, sai ya dube ka ta saman gilashi kamar ka zagi iyayensa. A nan sunan ya samo asali, har na ainihin ya ɓace a bakin mutanen layin.

Shagon ɗaki guda ne, dogo, siriri. Keken ɗinki biyu ne a ciki: tsohon na ƙafa wanda yake aiki da shi, da sabon na lantarki da autarsa ta sayo masa, wanda ya lulluɓe da ƙyalle ya mayar da shi wurin ajiye butar shayi. Akwai teburin yanka da ba a yanka komai a kansa, da gwangwanayen maɓalli a jere bisa kanta, da wani ƙaton almakashi rataye a ƙusa wanda sai dai a goge masa ƙura. Ƙofar baya tana fita zuwa ɗan tsakar gida da ɗakuna biyu, a nan yake kwana. Jikin shagon ta dama kuwa mai gyaran agogo ne, abokin faɗansa na shekara talatin, wanda in rana ta faɗi ba su zolayi juna ba to ɗaya ba shi da lafiya.

Abin yana da tushe. Yana sabon buɗe shago, ko aure bai yi ba, wani mutum ya kawo masa kwat ɗin mahaifinsa da ya rasu, a rage hannuwan don ya riƙa sawa. Ya auna, ya ja alli, ya yanke hannu ɗaya. Aka kira shi waje. Da ya dawo, hankalinsa na wani wuri, sai ya sake yanke hannun da ya riga ya yanke. Mai kwat bai yi faɗa ba. Ya ɗaga ta ya duba, ya tattara guntayen ya sa a aljihu, ya ce ya gode, ya fita. Da zagi ya yi, da tuni an manta. Godiyar nan ce ta zauna wa Baba Kalmasa a maƙogwaro, tun daga ranar ya ɗaura wa kansa doka: abin da za a iya naɗewa ba a yanke shi, domin naɗi ana warware shi.

Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ita ce bakin shagon. Ita ke sa maɓalli, ita ke hira da masu kaya, ita ke ba su haƙuri in aiki ya yi jinkiri. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Yadda yake ba da labarin, wani ciwo ne ya same ta a ciki, likitoci suka ce sai an yi aiki, ya sa hannu a takarda, aka shiga da ita, kwana huɗu bayan nan ta cika. Wuƙar likita ce ta ci ta, haka yake cewa, kuma ya faɗa ya sake faɗa har mutanen layin suka haddace. Auta kaɗai, wadda take koyar da lissafi a makarantar sakandare kuma take leƙo shi duk Asabar, ita ce in ya ɗauko labarin sai ta tuna ta bar wani abu a tsakar gida.

Shekara guda bayan rasuwarta, kare ya shigo rayuwarsa, shi da bai taɓa ajiye ko kyanwa ba. Akwai wata tsohuwa da yake tsuke wa kaya shekara bayan shekara tana ƙara ramewa, yana naɗe ragowar a ciki ko Allah zai sa ta sake yin jiki. Takan zo da wata 'yar karya guntuwa mai faɗin ƙirji, manyan idanu, fuska kuwa a shafe, hanci da baki duk sun dunƙule wuri ɗaya. Ƙofofin hancin nan wasu 'yan tsagu ne biyu, kamar gidan maɓallin da aka ɗinka ba a buɗe ba tukuna. Ranar da tsohuwar za ta koma gidan ɗanta, inda ba a yarda da dabba ba, ta roƙe shi ya riƙe mata karyar na mako guda. Ya ce shi ina, shagon ɗinki ne ba gidan dabbobi ba. Ta ce mako guda dai. Makon nan ne har yau bai cika ba.

Mai agogo ne ya raɗa mata suna. Ya leƙo wata safiya ya tambaya wane ne ya tayar da janareto alhali akwai wuta. Gaskiyarsa kuwa, karyar nan ba ta numfashi a ɓoye. Tana zaune gurnani, tana tafiya gurnani, in ta gyangyaɗa kuwa minsharinta har bakin titi. Masu kawo kaya su yi ta dariya, wasu su ɗauke ta a waya. Shi ma yana dariya, amma abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yana son ƙarar nan har cikin ransa. Tun da matarsa ta tafi shagon ya yi shiru irin wanda yake danne ƙirji, yanzu kuwa ko bai waiwaya ba ya san akwai mai rai a kusa da ƙafarsa.

Yana kuma alfahari da ita. Yakan ce wa mutane su duba, Janareto ba ta kwanciya muddin yana aiki. A zaune take wuni, haɓarta a ɗore bisa ƙarfen keke, ko barci ya kwashe ta a zaunen take yinsa. Ga ta da wani abin wasa guda, robar da zare ya ƙare a kanta, mai rami a tsaka, kullum tana bakinta, da ita take gyangyaɗi. Ya ce kare mai amana ke nan, mai son sana'ar maigidansa. Mai agogo ya ce to ya koya mata sa zare a allura mana, tunda shi idonsa ya soma yaji.

Da ta kai shekara huɗu sai abin ya fara wuce dariya. Zuwa ƙarshen layi ma sai ta tsaya sau biyu tana haki. In ta ci abinci da sauri ta mayar da farin kumfa. Auta ce ke kai ta allurar rigakafi, kuma a wani zuwan likitar dabbobin ta ce hancin nan ya tsuke da yawa, ya kamata a buɗe shi tun tana da ƙuruciya, ta ba da takarda mai bayani. Baba Kalmasa ya karanta har ƙasa, ya ninke ta huɗu, ya danne da gwangwanin maɓalli, ya ce a ɗan ga yadda za ta yi tukuna.

Kada a zalunce shi, ba zama ya yi ya naɗe hannu ba. Duk abin da allura da zare za su iya, ya yi. Ya cire mata igiyar wuya ya ɗinka mata ta ƙirji mai laushi, wadda likitar ma ta yaba. Ya yi mata matashi mai tudu don haɓa. Ya juya fanka ta koma kanta, shi yana gumi. Har ta kai ya yanko ɗan abin nan mai tauri da ake sa wa a wuyan shat, ya manna mata da filasta a gefen hanci wai ya ja tsagun su buɗe. Atishawa ɗaya ta yi abin ya tashi sama, mai agogo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Shekara biyu aka yi a haka, duk sanda Auta ta tayar da maganar takarda sai ya nuna mata sabuwar dabarar da ya ƙirƙiro.

Dabarar ƙarshe ita ce riga. Wani mai kaya ya gaya masa ana jiƙa ƙyalle a yafa wa irin karnukan nan lokacin zafi. Wani zai ɗauki tsohon tawul ya jiƙa shi ke nan. Amma Baba Kalmasa ya fitar da tsumma daga shagonsa? Ya auna ta tun daga wuya har gindin wutsiya, ya samo auduga mai kauri, ya ɗinka riga daidai jiki, ya yi mata shafi a ciki domin a wurinsa rigar da ba shafi ba a gama ta ba, sannan ya jera mata ƙananan maɓallai goma sha biyu a gadon baya. Kai, riga ta yi kyau. Har mai wanki da guga na hagu sai da ya shigo kallo.

Wata Laraba da tsakar rana aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafi kuwa ba a magana. Ya jiƙa rigar ya sa mata. Sai ga wata mata da gaggawa, zif ɗin rigar da za ta sa zuwa neman aiki ya lalace. Ya duƙufa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, abin da ya dawo da shi dai shi ne ƙarar da ta sauya. Gurnanin ya tafi, sai wani siririn fito mai fita da ƙyar. Ya leƙa ƙarƙashin keke. Rigar ta bushe ƙamas ta zama bargo, Janareto ta miƙe wuya, haƙarƙarinta na shiga yana fita, harshen ya yi shuɗi. Ta dube shi, ƙafafunta suka saki, ta faɗi.

Ya durƙusa yana ɓalle maɓallan. Shi ya matse gidajen da hannunsa don kada su ɓalle da kansu, ga shi na farko ma ya ƙi fita. Matar ta yi waje tana kira, mai agogo ya shigo da gilashin aikinsa a goshi, ya duba sau ɗaya, ya fizgo ƙaton almakashin daga ƙusa ya danƙa masa a hannu. Baba Kalmasa ya zura shi ta wuyan rigar ya tsarge ta har ƙasa. Suka kwarara mata ruwa, mai wanki ya tare tasi, Baba Kalmasa ya rungume ta a ƙirji suka tafi, rigarsa sharkaf.

A asibitin dabbobin aka karɓe ta da gudu, aka sa mata iska, aka yi mata allura. Auta ta iso daga makaranta da ƙurar alli a hannunta. Sai wajen la'asar likitar ta kira su ofis. Mace ce mai matsakaicin shekaru, hannuwanta duk tabon yakushi, ba ta da yawan kwalliyar magana. Ta ce karyar ta tsallake yau. Sannan ta ce wa Baba ya rufe bakinsa, ya matse hancinsa da yatsu biyu ya bar 'yar kafa kaɗan, ya zauna haka minti ɗaya tana duba agogo. Ya yi, don kada a ce ya ƙi. Bai kai rabin minti ba ya saki yana jan iska, idonsa ya kawo ruwa. Ta ce to haka Janareto take tun ranar da aka haife ta.

Ta yi masa bayani a hankali. Kare ba ya gumi kamar mutum, da numfashi yake sanyaya jikinsa, irin waɗannan masu gajeren baki kuwa hanyar iskar tasu a cunkushe take. Kowane jan numfashi ta ƙaramar ƙofa yana tsotso naman maƙogwaro zuwa ciki, shekara da shekaru naman ya kumbura, ya saki, hanyar ta ƙara tsukewa. Ta tambaya ko karyar tana barci a zaune. Ya ce ƙwarai, har ya fara ba da labarin amanarta. Ta tambaya ko tana yawan riƙe wani abu a baki in za ta yi barci. Ya ce robar zare.

"Baba, ba gadinka take yi ba," in ji likitar. "In ta kwanta iska ba ta shiga. Robar kuwa da ita take tokare bakinta don kada ya rufe tana barci."

Da marinsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Shekara biyar yana nuna wa mutane abin nan yana washe baki, ashe baiwar Allah neman iska take yi. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki da bai san inda zai ajiye shi ba.

Aikin, in ji likitar, ba mai tsawo ba ne. Za ta yanke ɗan nama mai kusurwa uku daga kowane gefen hancin, ta haɗa bakin da ɗinki kaɗan, ƙofar ta buɗe. In ta leƙa ta ga naman can cikin ganɗa ya yi tsawo yana rufe hanya, ta rage shi. Ba ta ɓoye masa komai ba: sa irin karnukan nan barci yana da haɗari, musamman lokacin farkawa, kuma ba za ta rantse masa cewa za ta tashi ba. Mafi yawa suna tashi. In kuwa aka bar ta haka, wata ranar zafi irin ta yau tana nan tafe, kuma ba kullum ake samun tasi a bakin ƙofa ba. Za ta riƙe ta kwana biyu kumburin ya sauka, jibi da safe tana da sarari. Ta turo masa takarda da biro.

Ya dubi layin da ake sa hannu. Irin layin nan ne dai na takardar aikin matarsa, da ɗigo-ɗigo. Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara, wataƙila a ɗan jira zafin nan ya wuce.

Shi da Auta suka koma a tasi. Da suka shiga shago, ta ga rigar nan a yashe a ƙasa cikin ruwa, shi kuma ya zauna ya ɗauko labarin da ta sani, yadda aka ce masa aiki ne, yadda ya sa hannu. Wannan karon ba ta tuna da komai a tsakar gida ba. Ta tsaya a gabansa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba wuƙa ce ta kashe Mama ba. Wata goma sha ɗaya likita yana cewa a yi aikin nan, kana cewa a ɗan jira. Ranar da ka sa hannu, abin ya riga ya bazu."

Ya ce ta fita masa daga shago. Ta ɗauki jakarta, ta ce jibi ƙarfe bakwai za ta zo da tasi, in ya ga dama ya shiga, in bai ga dama ba ta koma. Ta fita ta ja ƙofar a hankali, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum, amma aiki ya ƙi. Ƙarƙashin keke wayam, sai matashin. Ya ɗinka aljihu a rufe, ya farke, ya sake ɗinkawa a karkace. Can ya tashi ya shiga wurin mai agogo, ya zauna a kan ɗan bencin masu jira, ya kwashe abin da Auta ta faɗa ya gaya masa, yana jiran a ce yaran zamani ba su da kunya. Mai agogo bai ɗago ba. Ya ci gaba da tsince wani ɗan ƙarfe da hantsaki, ya daɗe, sannan ya ce shi dai ba likita ba ne, bai san abin da ya kashe kowa ba. Abin da ya sani shi ne a shekarar nan ta ƙarshe, marigayiya takan shigo nan ta zauna daidai inda yake zaune yanzu, ta riƙe cikinta ta dunƙule, sai ciwon ya lafa ta goge fuska ta koma ta ci gaba da sa maɓalli. Ta roƙe shi kada ya faɗa, shi kuma ya riƙe har yau, kuma ya gaji da riƙewa.

Babu zolaya a ranar. Baba Kalmasa ya tashi daga bencin kamar an tsikare shi, ya koma shagonsa ya sakaya ƙofa, abin da ba a taɓa gani da rana ba. Ya fito da takardar ya shimfiɗa a teburin yanka. Ta yi layin ninki, sai ya ɗora mata ƙyalle ya bi ta da dutsen guga mai ɗumi har ta miƙe. Ya zauna yana kallonta. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma a karon farko ya kira abin da sunansa, bai ce hankali ba ne ko haƙuri. Ya ga cewa in karyar ta mutu a kan teburin likita, zai ce shi ya kashe ta. In ta mutu a ƙarƙashin keke wata rana, zai iya cewa kwananta ne ya ƙare. Ashe duk jiran nan kansa yake karewa. Ya ɗauki biro ya sa hannu, rubutun ya fito a karkace kamar na mai koyo.

Ƙarfe bakwai saura Auta ta same shi a bakin ƙofa da hularsa a kai. Ba wanda ya tayar da maganar shekaranjiya. A asibitin aka bar shi ya ga Janareto kafin a shiga da ita. Tana zaune a keji tana gurnaninta, da ta gan shi ta kaɗa ɗan guntun wutsiyar har jikinta duka yana motsi. Ya shafa kanta, ya rasa abin da ake ce wa kare a irin wannan lokaci, sai ya ce mata ta yi haƙuri.

Suka zauna a dogon benci a baranda. Ya zo da wata riga da zai yi wa kalmasar hannu don ya rage lokaci, amma zare ya ƙi shiga allura. Auta ta karɓa ta zura masa, ya riƙe kawai bai ɗinka ba. Wata mata ta zo da zomo a kwali, wani ya fito da kare mai bandeji a ƙafa. Duk sanda ƙofa ta motsa sai ya ɗago kai. Awa biyu da wani abu suka yi a haka.

Likitar ta fito tana cire safar hannu. Ta ce an gama, ta farka, an cire mata bututu tana numfashi da kanta. Ta buɗe hancin, ta kuma rage naman ganɗar. Sai dai ta tarar da maƙogwaron ya riga ya saki kaɗan saboda daɗewa, wannan kuwa ba ya komawa. Za ta ji sauƙi sosai, amma ba za ta zama karen gudu ba, kuma zafi abokin gabanta ne har ƙarshen rayuwarta. Za su sa mata ido zuwa gobe saboda kumburi.

Aka shigar da shi. Tana kwance a kan bargo, idanu rabi a rufe, hancin ya yi ja, ga ƙofofi biyu a buɗe, zagayayyu. Ya gyara gilashi ya sunkuya, domin hali ba ya barin mutum, ya ƙirga ɗinkin: huɗu a dama, huɗu a hagu, tazararsu daidai, ƙullin ƙanana. Ya ce wa likitar hannunta yana da kyau. Sannan ya lura bakin karyar a rufe yake, cikinta na tashi yana sauka a hankali. Ya tambayi likitar, da ya kawo ta shekara biyu da suka wuce, da maƙogwaron bai saki ba? Ta ce mai yiwuwa, amma ba za ta iya cewa tabbas ba.

Ya fito ya koma bencin kusa da Auta. Ya sake ɗaukar allurar yana juya ta a hannu. Tambayar da ya zo da ita ba a kan Janareto take ba, a kan matarsa take, su biyun sun sani.

"Da na yarda tun farko, da ta tashi?"

"Ban sani ba, Baba. Likitan ma ya ce bai sani ba. Amma ta so a gwada."

"To me ya hana ta matsa mini? Ai ba ta taɓa jin nauyin gaya mini gaskiya ba."

"Na ce mata ta matsa. Ta ce tsoronka ya fi nata yawa, a ƙyale ka."

Ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Kukan da bai yi ba shekara shida ya zo masa a nan, a barandar asibitin dabbobi, tsakanin mai zomo da mai kare, ba tare da ya nemi izininsa ba. Auta ba ta ce ya yi haƙuri ba, ba ta ce ya daina ba. Ta matso ta karɓi allurar daga hannunsa don kada ta soke shi, ta zauna tare da shi har ya gama.